Sana'ar Tsara Bakin Famfo: Masu Yaƙi da Kumfar da Ke Cin Ƙarfe

Duk makanikin da ya daɗe yana kwance famfunan ruwa ya san wata irin ɓarna da ba tsatsa ba ce, ba kuma yashi ne ya yi ta ba. Idan ya zaro impela, wato farantin nan mai fuka-fukai da ke juyawa yana tura ruwa, sai ya tarar jikin fuka-fukan, daf da inda ruwa ke shigowa, ya yi ƙananan ramuka rututu. Yashi in ya ci ƙarfe sulɓi yake bari. Wannan kuwa kaushi ne da shi, yana kama yatsa, wani wurin ma ƙarfen ya huje har ana hango haske. Tun kafin a kwance, kunne ya riga ya ba da labari: famfon yana ƙara kamar an zuba masa tsakuwa, yana rawar jiki, ruwan da yake fitarwa yana raguwa. A buɗe kuma, ba za a sami ko ƙwayar tsakuwa ɗaya ba.

Abin da ya ci wannan ƙarfe kumfa ce, kumfar tururi da ke tasowa a cikin ruwa mai sanyi. Injiniyoyi suna kiran matsalar kabiteshan, kuma akwai mutanen da yaƙi da ita shi ne abincinsu: masu tsara bakin famfo. Ba a cika jin sunayensu ba, amma aikin hannunsu yana cikin tashoshin wutar lantarki da matatun mai da jiragen sama da rokokin da ke kai tauraron ɗan'adam sama. Ginshiƙin sana'arsu wani ɗan murɗaɗɗen ƙarfe ne da ake kira indusa, wanda ake ɗaurawa a gaban impela. Ya kamata mai karatu ya san wannan sana'a, domin iliminta ɗaya ne da wanda manomin rani yake buƙata a bakin rijiyarsa.

Tafasa ba tare da wuta ba

Abin da ake fara koya wa mai shiga sana'ar shi ne, tafasar ruwa ba a hannun zafi kaɗai take ba, har da nauyin iskar da ke danne shi. A bakin teku ruwa yana tafasa a digiri 100 na ma'aunin Salshiyas. A Jos, da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, yana tafasa a wajen digiri 96. A ƙolin dutsen Everest kuwa, digiri 70 da ɗan ɗoriya sun isa. Idan aka ci gaba da rage matsin har ya koma kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na matsin iskar da muke shaƙa, ruwan randa ma, mai digiri 20, zai tafasa ba a hura wuta ba.

Sai kuma a fahimtar da shi cewa famfon da ke bakin rijiya ba da ƙarfinsa yake jawo ruwa ba. Rage matsi yake yi a bakinsa, sai iskar da ke danne fuskar ruwan ta turo shi sama ta cikin tiyo. Ƙarfin iskar nan yana da iyaka: ba ta ɗaga ruwa sama da mita 10 da 'yan kai, kamar yadda masanin nan na Italiya, Torricelli, ya bayyana tun 1643. A cikin wannan mita 10 kowa sai ya yagi rabonsa. Zurfin rijiya ya ɗauki nasa, gogayyar ruwa da cikin tiyo ta ɗauki nata, kowace kwana ta bututu da kowane bawul su ɗauka, zafin ruwan da tsayin garin su ma su ɗauka. Idan abin da ya rage bai kai buƙatar impela ba, ruwa ya tafasa a bakin fuka-fukai ke nan.

Babbar ɓarnar tana zuwa ne lokacin mutuwar kumfar. Ruwa yana ɗaukar ta zuwa cikin impela inda matsi ya ƙaru, sai ta rufta kafin ƙiftawar ido. Idan a jikin ƙarfe ta rufta, wani siririn ruwa ne yake ratsa tsakiyarta ya caki ƙarfen da gudun da kan wuce mita 100 a daƙiƙa. Caka ɗaya ba ta komai. Amma dubbai ne, a wuri guda, dare da rana, har ƙarfen ya gaji ya fara ɓarewa. Girgizar kuma tana kashe boris, ta ɓata sil, famfo ya fara yoyo.

Masu ƙera jiragen ruwa ne suka fara tona asirin matsalar. A 1894 aka gwada wani jirgin yaƙi na Ingila mai suna Daring, ana sa ran gudun kilomita 50 a awa, sai ya tsaya a wajen 44, inji yana aiki amma farfela ba ta kama ruwa. A daidai lokacin Charles Parsons yana fama da irin wannan a jirginsa Turbinia. A 1895 ya haɗa ɗan ƙaramin bututun gwaji mai tagar gilashi don ya ga kumfar da idonsa, shi ne irinsa na farko a duniya. Ya koma ya raba aikin ga farfela 9, a 1897 jirgin ya haura kilomita 60 a awa. Hanyar Parsons, a gani da ido, a gyara, a sake gwadawa, ita ce hanyar sana'ar har yau.

Indusa da sirrin yankanta

Idan ka riƙe indusa a hannu za ka ga gajeren ƙarfe ne da aka naɗa wa fuka-fukai 2 zuwa 4, sirara, dogaye, masu zubin zaren sukuru. Tana zaune a kan sanda ɗaya da impela, suna juyawa tare, kuma ita ruwa ke fara tararwa. Ba a neman ta tura ruwa nesa. Aikinta ta ƙara masa ɗan matsi a hankali, gwargwadon abin da zai sa ya isa impela bai tafasa ba. Ba a ma hana kumfa tasowa a jikinta. An yarda ta taso, amma an tsawaita lungun da ke tsakanin fuka-fukan yadda za ta mutu a cikinsa kafin ta toshe hanya. A famfunan masana'antu, indusa mai kyau takan rage matsin da famfo ke buƙata a bakinsa da kusan rabi.

Gwanintar tana cikin ƙananan abubuwa. Fuka-fukan kusan a kwance suke, kusurwarsu a tsini tana wajen digiri 10, bambancinta da yadda ruwa ke shigowa kuwa 'yan digiri ne kawai. In bambancin ya yi yawa, ruwa ya ɓalle daga bayan fiffike, kumfa ta cika wuri. In ya yi kaɗan, indusa ba ta tura komai. Bakin fiffike kuma sai ya yi kaifi sosai don ya yanka ruwa salin-alin, amma duk sirantar da aka ƙara masa, ƙarfinsa aka rage. Shi ya sa ake lanƙwasa bakin ya koma baya, yadda ba duk kaifin ne ke karo da ruwa lokaci guda ba. Sannan ga ratar da ke tsakanin tsinin fiffike da bangon gidan famfo, wadda sau da yawa ba ta kai milimita 1 ba. Ta nan ruwa ke satar hanya ya koma baya yana murɗawa, kuma a tsakiyar murɗin kumfa ke fara ɓullowa. A matse ratar, fiffike ya gogi bango idan sanda ta yi rawa. A buɗa ta, ƙarfi ya zube.

Ko adadin fuka-fukan ba a zaɓarsa da ka. Mai fiffike 4 takan yi wata ɗabi'a: kumfa ta yi tsawo a fiffike ɗaya, ta gajarce a na kusa da shi, haka bi da bi. Wadda ta fi haɗari ita ce kumfa mai zagaye, wadda ke tsallakawa daga fiffike zuwa fiffike da saurin da ya ɗara na sandar kanta da kashi 10 zuwa 20 cikin 100, tana jijjiga komai. Masanan Japan irin su Kenjiro Kamijo, da Yoshinobu Tsujimoto na Jami'ar Osaka, sun yi fice wajen nazarinta. Wani lokaci maganinta a jikin bango yake: a ɗan faɗaɗa shi daf da mashiga, ko a tsaga masa siraran hanyoyi, sai ruwan da ke komawa baya ya sami inda zai huce.

A ɗakin gwaji

Mai tsara indusa da tambayoyi yake fara aiki: wane irin ruwa ne, zafinsa nawa, lita nawa ake so a minti, sau nawa sanda za ta juya, nawa ne matsin bakin shiga a rana mafi muni. Daga nan sai lissafin takarda, sannan kwamfuta, inda ake kwaikwayon gudun ruwan a tsakanin fuka-fukai, a canja kusurwa, a sake. Amma gwani ba ya sa hannu a kan hoton kwamfuta, sai an gwada akan san na ƙwarai. Ana sassaƙa samfuri a sa shi a bututun gwaji mai bangon da ake gani ta cikinsa. A kunna famfo, a riƙa rage matsi sannu a hankali. A kashe fitilun ɗaki, a kunna wata mai walƙiya sau ɗaya a kowane juyi, sai indusar ta bayyana ga ido tamkar a tsaye take. Da fari ruwan garau yake. Can sai wani farin zare ya ɓullo a tsinin fiffike. A ƙara rage matsi, zaren ya faɗaɗa ya lulluɓe bayan fiffiken, ƙarar ta canja, allurar ma'auni ta fara rawa, kyamara mai ɗaukar dubban hotuna a daƙiƙa tana naɗe komai. Wasu kan shafa wa fuka-fukan fenti mai laushi su bar famfo ya yi aiki na ɗan lokaci. Inda fentin ya goge, nan ne kumfa za ta ci ƙarfe nan gaba.

A nan ne kuma ake gane mai amana. A ƙa'idar masana'antar, adadin da ake rubutawa a takardar famfo a matsayin matsin da yake buƙata, shi ne wanda a kansa ƙarfin turawarsa ya riga ya faɗi da kashi 3 cikin 100. Kafin a kai nan, kumfa ta daɗe da tasowa. Mai sayen da bai sani ba sai ya ɗauki adadin a matsayin tudun mun tsira, ya kafa famfonsa daidai a kansa, ba a daɗe ba impela ta huje. Injiniya mai gaskiya yakan ce masa ya bar rara mai yawa. Yakan kuma faɗa masa cewa indusa don wani adadin ruwa takamaimai aka yanka ta. A tilasta mata aiki nesa da wannan adadi, tana iya zama ita ce matsalar.

Darasin da aka tsamo daga teku

Inda sana'ar ta kai ƙololuwa shi ne injin roka. Tankin roka dole ya zama marar nauyi, bangonsa siriri, don haka ba ya ɗaukar matsi mai yawa. Abin da ke cikinsa kuma a bakin tafasa yake: ruwan oksijin a digiri 183 ƙasa da sifili, ruwan haidurojin a 253 ƙasa da sifili. Famfon kuwa, don ya zama ƙarami, sai ya juya sau dubbai masu yawa a minti. Ba don indusa ba, sai dai a ƙara wa tanki kauri a rage kayan da rokar za ta ɗauka. Shi ya sa tun shekarun 1950 masana irin su Allan Acosta na jami'ar Caltech ta Amurka suka duƙufa a kanta.

Ranar 15 ga Nuwamba, 1999, rokar Japan mai suna H-II ta tashi daga tsibirin Tanegashima ɗauke da tauraron ɗan'adam na hasashen yanayi da kula da zirga-zirgar jiragen sama. Bayan kusan minti 4 babban injinta, LE-7, ya mutu, dole aka tarwatsa ta daga ƙasa. Japanawa ba su tsaya ga zato ba. Suka bi sawun injin har ƙarƙashin tekun Pasifik, suka same shi a zurfin kusan mita 3,000, suka tsamo shi a Janairun 2000. Da aka kwance famfon haidurojin, wanda ke juyawa sau 40,000 da ɗoriya a minti, sai ga fiffiken indusa a karye. Bincike ya nuna gajiyar ƙarfe ce: kumfa ta riƙa jijjiga fiffiken fiye da yadda aka lissafa, tsagewar kuma ta faro daga ɗan tabon da aka bari a fuskar ƙarfen wajen sassaƙa. Aka sake fasalin indusa a injin da ya gaje shi, LE-7A. Rokar H-IIA da ta yi amfani da shi ta fara tashi a 2001, ta yi tashi 50 zuwa 2025, sau ɗaya tak ta gaza, shi ma ba daga famfo ba ne.

Ɗan tabon nan ya isa shaida cewa sana'ar ba ta mai kwamfuta kaɗai ba ce. Mai sarrafa injin sassaƙa, da mai goge kaifin fiffike, da mai daidaita nauyi don kada sanda ta yi rawa, da mai neman tsagar da ido ba ya gani, amanar duk a wuyansu take. Ƙarfen ma zaɓarsa ake yi: ƙarfen zubi shi kumfa ta fi saurin ci, tagulla ta fi shi juriya, ƙarfen da ba ya tsatsa ya fi su, a roka kuwa ana kaiwa ga taitaniyam. Sai dai ƙarfe mai kyau jinkirta ɓarna kawai yake yi, maganin asali shi ne gyara yadda ruwa ke shiga. Mai son sana'ar sai ya karanta injiniyancin kanikanci, ya ƙware a lissafi da ilimin gudanar ruwa, sannan ya yi shekaru a ƙarƙashin wani babba a ɗakin gwaji, yana horar da idonsa da kunnensa.

A bakin fadama

Tun da shirin Fadama na farkon shekarun 1990 ya yaɗa rijiyoyin burtsatse marasa zurfi da ƙananan injunan fetur masu bakin inci 2 da inci 3, injin ban ruwa ya zama abokin manomin rani daga fadamun Haɗeja da Jama'are zuwa na Sakkwato, haka ma a lambunan albasa na Nijar. Waɗannan injuna ba su da indusa, amma dokar mita 10 tana kansu. A aikace, injin da ke sama ba ya jawo ruwa lafiya daga zurfin da ya wuce mita 6 zuwa 7. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da ruwan ƙasa ya ja baya, zafi ya tsananta, shuka ta fi jin ƙishi, a nan injuna ke fara kuka. Manomi yakan ɗauka injin ne ya gaza, sai ya ƙara masa wuta, alhali ƙarin gudu ƙarin kumfa ne.

Makaniki na ƙwarai, kafin ya taɓa sifana, yakan dafa tsinin sukundireba a jikin gidan famfo ya kara ƙotar a kunnensa. Sannan ya rage wutar injin, ko ya ɗan matse bakin fita. In ƙarar ta lafa, kumfa ce. In ta ci gaba, a duba boris. Yakan kuma laluba mahaɗar tiyo, don iskar da ke shiga ta inda ba a ɗaure da kyau ba ita ma tana sa famfo shaƙewa. In ya tabbatar, sai ya ce wa mai gona, "Alhaji, injinka lafiyarsa ƙalau, ruwa ne ya yi masa nisa." Maganin ba ya cin kuɗi. A gajarta tiyon shiga, a miƙar da shi, kada ya fi bakin injin ƙanƙanta. A wanke rariyar ƙasansa daga ciyawa da laka. A canja tsohon tiyon da ke lotsewa ta ciki idan inji ya ja. In ta kama, a yi rami a gefen rijiya a saukar da injin mita 1 ko 2 kusa da ruwa, amma ramin ya zama mai faɗi kuma buɗaɗɗe, domin hayaƙin injin fetur a ƙuntataccen rami yana kisa. Wannan makaniki da injiniyan roka tambaya ɗaya suke yi: nawa ne matsin da ya rage a bakin famfo?

Muna da manyan famfuna a gidajen ruwa da tashoshin lantarki da matatun mai, muna da masana'antar da ke mayar da iskar gas ruwa a digiri 162 ƙasa da sifili a Bonny, irin aikin da famfo mai indusa ya zama ruwan dare a cikinsa. Muna buƙatar 'ya'yanmu da za su iya tsara bakin famfo, ba kwancewa da ɗaurawa kaɗai ba. Bututun gwaji na koyarwa bai fi ƙarfin kowace jami'a ko kwalejin fasaha ba: tanki ne, da famfo, da bawul, da ma'aunin matsi, da guntun bututu mai haske. Ina kira ga malamanmu su haɗa shi, su kuma buɗe ƙofarsa ga makanikan kasuwa da yaransu, kowa ya ga kumfar da idonsa. Kai kuma manomi, da kai jami'in hukumar ruwa, kafin ku sayi famfo ku auna zurfin ruwan a watan Afrilu, ba a watan Satumba ba, ku nemi takardar da ke nuna matsin da famfon yake buƙata a bakinsa, sannan ku bar masa rara.